Ɗalibin da Muka Ce Yana da Girman Kai

Mu bakwai ne a teburin, a wata rumfar abinci da ke bakin titin Raja Muda Musa cikin unguwar Kampung Baru, a tsakiyar Kuala Lumpur. Watan azumi ne, an idar da asham a babban masallacin unguwar, wanda ya yi suna wajen rabon fatan shinkafar da suke kira bubur lambuk kyauta kowace yamma, kamar yadda ake rabon kunu a ƙofar gidajen masu hali a Kano. Duk 'yan Arewa ne a teburin, masu neman digiri na biyu da na uku, ni kaɗai ne baƙo mai wucewa. Fanka tana kaɗawa a bisa kanmu, babura suna ratsa titi, mai suyar shinkafa yana dukan kaskonsa da cokalin ƙarfe, talabijin yana ta ihun ƙwallo. Hira ta yi daɗi. An taɓo faɗuwar naira, an taɓo wani malami da ya riƙe babin bincike wata uku bai duba ba. Mutum ɗaya ne bai sa baki ba. In an yi dariya, sai ya bi fuskokinmu da kallo tukuna, sannan ya yi tasa a makare. Da ya tashi wanke hannu na tambayi na kusa da ni ko lafiya. Ya ce, "Rabu da shi, Malam, haka yake. Ka gaishe shi ta baya ba zai amsa ba. Girman kai ne kawai."

Hanyarmu ta zo ɗaya da shi zuwa tashar jirgin ƙasa, muka bi ta lungunan da ke bayan titi. Kampung Baru ƙauye ne da birni ya zo ya tarar. Turawan mulkin mallaka na Ingila ne suka keɓe filin a 1900 domin Malayawa su zauna su yi noma, kuma har yau akwai gidajen katako a kan dirkoki, da ayaba da kwakwa a tsakar gida, ga tagwayen benayen Petronas masu hawa 88 suna leƙo su ta sama. A lungun nan babu hayaniya. Nan ne ya tsaya ya ce da ni, "Malam, don Allah dawo ta damana. Kunnen hagun nan tun ina yaro bai cika aiki ba, yanzu na daman ma ya fara nauyi." Daga nan magana ta ɓalle masa kamar an buɗe famfo. Mutumin da aka ce ba ya magana ya yi kusan awa guda yana magana. Ya ce sau uku yana gaya wa mahaifinsa a waya cewa yana son ya dawo gida, ba ya jin daɗin makarantar. Amsar tsohon ba ta sauya ba: an kashe maka kuɗi ka je ƙasar waje, dubbai na nema ba su samu ba, ka ce ba ka jin daɗi? A gida an san yana da ɗan nauyin kunne. Ba wanda ya taɓa haɗa wannan da wancan, har shi kansa.

Tun daren nan nake juya maganar. Abin da nake son in faɗa shi ne, a cikin ɗaliban da ke cewa sun gaji da jami'a, a Malesiya ne ko a Samaru ko a sabon matsugunin Bayero, akwai wani kaso da matsalarsu ba ta lalaci ba ce, ba kuma ta butulci ba. Kaɗaici ne ya cinye su a tsakiyar jama'a, kuma ƙofar da kaɗaicin ya shigo ta kunne ce. Mu kuwa da ke kewaye da su mun fi saurin yanke musu hukunci a kan hali.

Harshenmu ma ya taimaka mana wajen wannan kuskure. Dubi kayan da muka ɗora wa kalmar "ji". Da ita muke jin ƙara, da ita muke jin Hausa ko Larabci, da ita muke jin zafi da jin daɗi, kuma da ita muke auna tarbiyya: yaron nan ba ya ji. Mai taurin kai muna ce masa mai kunnen ƙashi. Wanda ya share mu da gangan mu ce ya yi kunnen uwar shegu da mu. Saboda haka yaron da da gaske sauti ba ya isa kunnensa yana tashi ne a cikin zargi. An kira shi bai amsa ba, an aike shi ya sayo gishiri ya dawo da sukari, sai a zane shi don rashin ji, kuma maganar gaskiya ce ta fuskar da mai dukan bai nufa ba. Yaron da ya sha irin wannan yakan koyi darasi guda: kada ka yarda a gane ba ka ji ba. Gyaɗa kai, yi murmushi, ce "haka ne". Da wannan dabara yake gama firamare da sakandare, da ita yake shiga jami'a, inda take daina yi masa aiki.

Mutane da yawa sun ɗauka raunin ji kamar rage muryar rediyo ne, in an ɗaga murya shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Nau'in da ya fi yawa yana fara cin siraran sautuka ne, irin su s da f da sh da t, ya bar wasula da kaurin murya. Mutum yana jin ana magana sarai, amma fata da sata da shata da tata duk sun zame masa abu guda. Sai ƙwaƙwalwa ta shiga aikin cike gurbi: ta duba leɓe, ta duba abin da ake magana a kai, ta yi hasashe. A cikin Hausa wannan hasashe yana da madogara, domin karin sauti da tsawon wasali suna ɗauke da ma'ana mai yawa, kuma mutum ya san harshen tun yana goye. To, ɗauke shi ka kai shi aji a Kuala Lumpur. Laccar da Ingilishi ake yin ta, Ingilishin kuma na Malesiya ne, mai sauri, mai haɗiye baƙaƙen ƙarshen kalma, mai ƙarasa jimla da "lah". Abokan ajinsa daga Indonesiya suke, da Bangladash, da Iraƙi, da Yaman, kowa da irin lafazinsa. Na'urar sanyaya ɗaki tana gunji, ruwan la'asar na ƙasar nan yana dukan rufi. Mai lafiyayyen kunne ma yakan ɗauki watanni kafin ya saba. Shi kuwa madogararsa ta ƙarshe aka zare.

Kuma aikin cike gurbin nan yana gajiyarwa fiye da yadda mai ji zai zata. Awa biyu na lacca, ya fito kamar wanda ya yi noma. Lokacin da sauran ke cewa a je a sha shayi, shi ɗaki yake nema ya rufe ƙofa.

A nan ne asarar ta fi girma, kuma a nan nake son mu daɗe. Duk wanda ya yi jami'a ya san rabin karatun ba a aji ake yin sa ba. A bakin ƙofar aji ake jin cewa an ɗage ranar miƙa aiki. A wurin mai shayi ake jin wane malami ne ke son a kawo masa hujja da yawa, wane ne ke son a taƙaita. A hanyar masallaci ake jin inda ake samun ɗaki mai araha, da yadda ake sabunta biza ba tare da an makara ba, da wanda zai tafi gida a ba shi saƙo. Ba wanda ke rubuta waɗannan a allo. Ana tsintar su ne a iska, cikin hirar mutum biyar da ke katse juna, kuma irin wannan hirar ita ce ta fi ƙarfin mai raunin ji. Da mutum ɗaya, fuska da fuska, a wuri shiru, lafiya lau yake. Da zarar an zama taro, kafin ya gano wa ke magana ya juya ya dubi bakinsa, wani ya karɓe. Ya ce "me ka ce?" sau ɗaya, a maimaita. Sau biyu, a maimaita da ɗan ƙosawa. Na uku sai a ce masa, "Bar shi kawai, ba wani abu ba ne." Wannan jimla, da ake faɗa ba da mugun nufi ba, ita ce ke korar mutum daga majalisa. Bayan ya ji ta sau ɗari sai ya daina zuwa. In ya daina zuwa a ce ba ya son mutane, a daina kiransa. Makinsa na jarrabawa yana iya zama mai kyau, domin littafi ba ya buƙatar kunne, saboda haka babu wani ofishi a jami'a da zai ga alamar matsala. Abin da ya rage masa ya faɗa shi ne abin da ya faɗa wa mahaifinsa, ba ya jin daɗi, kuma ba shi da wata kalma da ta fi wannan.

Kada a ɗauka mutum ɗaya na gani na gina sharhi a kansa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce fiye da mutum biliyan 1.5 ne ke da wani mataki na raunin ji, kuma miliyan 430 daga ciki raunin ya kai matsayin da suke buƙatar taimako. Kusan kashi 80 cikin 100 na waɗannan suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. Cikin waɗanda na'urar taimaka wa ji za ta amfana, kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai ke amfani da ita. Mu a Arewa muna da namu ƙarin dalilan. Muna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, kuma annobar 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, Kano na cikin inda abin ya fi muni. Raunin ji na daga cikin tabon da sanƙarau ya fi bari a jikin wanda ya tsira. Yaran da suka tsallake waccan shekara yau sun kai shekara talatin ko sun haura, wato daidai shekarun malaman da TETFund da gwamnatocin jihohi suka riƙa turawa ƙarin karatu Malesiya. Ƙara da ƙyanda, da hangum, da ciwon kunne mai zubar da ruwa da ake bari sai ya huda dodon kunne, da allurai irin su jentamaisin da kwinin da ake dankara wa yara a kemis ba awo. Abokin tafiyata bai san wanne ne nasa ba. Abin da aka gaya masa kawai shi ne ya yi zazzaɓi mai tsanani yana ɗan shekara huɗu, an yi masa allurai da yawa.

Sannan ga abin da ke faruwa yanzu a ɗakunan kwanan ɗalibai. Wanda ya rasa abokin hira yakan toshe kunnuwansa da abin sauraro, wa'azi ne ko waƙa ko karatu, kuma da yake ba ya ji sosai sai ya ƙure murya. Ma'aunin hukumar lafiyar shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga babba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Hukumar ta ce fiye da matasa biliyan 1 na cikin haɗarin lalata jinsu ta wannan hanya. Kaɗaici yana tura shi ga abin da zai ƙara masa kurumta, kurumtar ta ƙara masa kaɗaici.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki. Kurman da ba ya ji ko kaɗan, a Kano, sau da yawa ya fi wannan ɗalibi jama'a. Kurame suna da harshensu, maganar hannu, wadda ta girmi zuwan makarantun boko na kurame, har wata Bajamushiya mai nazarin harshe, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta yi bincike a kanta ta wallafa littafi a 2000. Suna da makarantar Tudun Maliki, suna da majalisunsu da ƙungiyoyinsu, suna aure a tsakaninsu, suna gulma da raha da hannu. A Malesiya ma haka. Dokar masu buƙata ta musamman ta 2008 ta amince da maganar hannun ƙasar, suna da tarayyar kurame, kuma a unguwar Bangsar kamfanin Starbucks ya buɗe shago a 2016 wanda kurame ke aiki a ciki. Ba ina cewa rayuwarsu da sauƙi ba ne, wahalarsu ta samun ilimi da aiki ta fi ƙarfin a faɗa a nan. Amma suna da inda za su zauna a fahimce su. Mai rabin ji ba ya nan ba ya can. Bai iya maganar hannu ba, ba ya ɗaukar kansa kurma, kuma zai ji zafi in an kira shi haka, domin mun mai da kalmar abin zagi. A cikin masu ji kuwa baƙo ne. In kuma ɗan wata ƙasa ne, katin OKU da Malesiya ke bai wa masu buƙata ta musamman, wanda ke buɗe ƙofofin tallafi, na 'yan ƙasa ne.

Na san abin da wani zai ce. Ɗalibanmu suna da dalilai dubu na ƙosawa da jami'a waɗanda ba ruwansu da kunne. Yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas. Ana cusa ɗaruruwa a ɗakin lacca da lasifikarsa ta mutu. Na waje kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuɗin da ake aiko musu ya narke a hannu. Duk gaskiya ne, kuma ban ce kowane ɗalibi mai ƙorafi a kai shi awon kunne ba. Amma ka lura, kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli tana da masu yi mata magana, ana zanga-zanga a kanta, ana rubuta ta a jarida, kuma wahalar da aka sha tare takan haɗa zumunci. Ɗaliban da suka kwana a layin rajista tare sukan zama aminai har tsufa. Wannan kuwa matsala ce da ke raba mutum da waɗanda zai yi kukan tare da su. Ɗakin laccar da lasifikarsa ta mutu ma, wa ya fi cutarwa?

A takarda Nijeriya ta yi abin da ya kamata. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman a watan Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020, aka ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara. Sai dai idon hukuma, kamar idon kowa, abin da ake gani yake bi. Ana zuba gangaren siminti don masu keke, kuma ya dace a zuba. Raunin ji ba a ganinsa a hoto. Jami'ar Ilorin tana da cibiya ta musamman mai tallafa wa ɗalibai kurame da masu fassara, abin da ke nuna ba gagara ya yi ba. Jami'ar Bayero da ta Jos suna da sassan koyar da ilimin masu buƙata ta musamman, a Kaduna akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa. Masana suna nan. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa sabon ɗalibi zai yi gwajin jini da hoton ƙirji kafin rajista, amma awon ji da na'ura, wanda ba ya wuce 'yan mintoci kuma ba a huda kowa, bai zama al'ada ba. Mutumin da zai shafe shekara huɗu yana neman ilimi ta kunne, ai kunnen ya cancanci a duba.

Sauran gyaran ma ba na kuɗi ba ne sosai. Malami ya daina magana yana fuskantar allo. Ya maimaita tambayar da aka yi daga bayan aji kafin ya amsa. Duk sanarwa a rubuta ta. Lokacin kullen korona, wanda Malesiya ta fara ranar 18 ga Maris 2020, takunkumin fuska ya rufe leɓen da masu raunin ji ke karantawa, abin ya zame musu azaba. Amma karatun intanet ya zo da laccar da ake naɗa a maimaita, da rubutun da ke bin magana a ƙasan allo. Da aka koma aji, wurare da yawa sun ajiye waɗannan kamar kayan aro. Bai kamata a ajiye ba.

Amma ko jami'a ta yi duk wannan, ba ita ce ke zaune a teburin nan na Kampung Baru ba. Mu ne. Mu shida, 'yan yanki ɗaya, masu harshe ɗaya da alƙibla ɗaya, a ƙasar da ba mu da kowa sai juna, kuma biyar daga ciki sun shekara da shi ba wanda ya ja shi gefe ya tambaya. Mun taso muna karanta surar Abasa, mun san an saukar da ita ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, da abin da ta koyar game da ba wa mai rauni fuska idan ya zo neman sani. Ga mai raunin ji, ba da fuska ba kwatance ba ne. Ka juyo ya ga bakinka, ka taɓa kafaɗarsa kafin ka fara, ka bar ɗaya ya gama kafin ɗaya ya karɓa, in ya ce a maimaita ka sauya kalmomin maimakon ka daka masa tsawa. Ƙungiyoyin ɗalibanmu a waje suna tara kuɗi in wani ya rasu ko ya shiga hannun hukumar shige da fice, kuma Allah ya saka musu. Ina roƙon su ƙara da lura da wanda ya daina zuwa taro.

Kafin mu rabu a tasha na gaya masa cewa abin da yake nema yana kusa da shi fiye da yadda ya zata. A gefen unguwar nan, kan titin Raja Muda Abdul Aziz, jami'ar ƙasa ta Malesiya, UKM, tana da tsangayar da ake koyar da ilimin awon ji, ga babban asibitin Kuala Lumpur a maƙwabtaka. Ya yi shekara yana wucewa ta wajen.

Bayan sallah da 'yan makonni ya turo mini hoton wata takarda ta WhatsApp. Ya je wani asibiti an auna shi. Layuka biyu ne a kan takardar, ja na kunnen dama da shuɗi na hagu, dukansu sun faro daga sama suna gangarowa, shuɗin ya fi nutsewa. Kuɗin na'urar da aka ce ya saya ya fi abin da ake aiko masa na watanni, don haka ya ajiye wannan tukuna. Amma ya kai takardar wa malamin da ke duba bincikensa, wanda ya mai da ganawarsu ofis maimakon kantin shayi, yana kuma rubuta masa gyare-gyare. A rumfar titin Raja Muda Musa yanzu yana zama ne a ƙarshen teburi, bayansa ga bango, kunnen dama ga jama'a. Ya gaya wa biyu daga cikin biyar ɗin, ciki har da wanda ya ce girman kai ne. Mahaifinsa kuwa, ya ce ba a waya zai gaya masa ba, sai ya je gida hutu sun zauna a zaure su biyu.